Kuɗina kaɗan ne, wace jitar lantarki ya kamata in saya?

Wani matashi ya aiko mini da wasiƙa, ga kuma abin da ya ce a taƙaice: "Malam, na yi kusan shekara guda ina koyon kaɗa jita da irin ta kwarya wadda wani abokina ya ara mini, yanzu kuma raina ya kwanta a kan jitar lantarki. Wata tara ke nan ina tara kuɗi, amma abin da na haɗa bai taka kara ya karya ba. Abu uku ne a gabana. Akwai wata sabuwa ja mai sheƙi, mai hannun ƙarfen nan da ake dannawa sauti ya lanƙwashe, wadda idan na saye ta babu abin da zai rage mini. Akwai wata da ake sayarwa a kwali ɗaya tare da ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti mai lasifika, da waya da jaka, kuɗinta bai kai na ta farkon ba. Akwai kuma wata ta hannu, ƙirar Yamaha, fentinta ya ɗan kakkarce, mai ita yana so ya rabu da ita. Abokaina suna cewa jita mai araha asarar kuɗi ce, gara in ƙara haƙuri har in iya sayen mai babban suna. Ina tsoron in yi kuskure, domin ban san lokacin da zan sake tara irin wannan kuɗi ba."

Ƙanena, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganarka ta ƙarshe. Wanda ya yi wata tara yana hana kansa abubuwan da yake so domin ya kai ga abu ɗaya, ya cancanci a gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba, don haka bari in fara da hukuncina kafin in kawo dalilai. Kada ka sayi jar nan mai sheƙi, kada kuma ka zauna jiran ranar da kuɗinka zai kai ga mai babban suna. Ka fara zuwa ka ga ta hannun, ka duba ta yadda zan bayyana maka. Idan ta tsallake gwajin ka saye ta, idan kuma ta faɗi ka nemi sabuwa mai sauƙin ƙira daga kamfanin da aka sani, ta kwalin kuwa ka bar ta sai in babu yadda za ka yi. Dalilina ɗaya ne, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa ya rataya: a matakin da kake, jita mai kyau ita ce wadda wuyanta ya zauna maka a hannu, tsirkiyoyinta suka yi taushin dannawa, ta kuma riƙe saitinta har ka tashi daga darasi. Launi da suna da yawan kayan ƙawa duk a baya suke zuwa.

Maganar abokanka tana da ƙamshin gaskiya, domin araha ba ta ado, kuma akwai jitocin da siffarsu kawai aka ƙera, ba don a kaɗa su ba. Sai dai sun manta da yadda wannan abin kiɗa ya samo asali. Leo Fender, wanda ƙirarsa ta mamaye duniya, mai gyaran rediyo ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, ba makaɗin jita ba ne. Jitar da ya fitar a 1950, wadda aka raɗa wa suna Telecaster a 1951, falankin katako ne da aka yanka, aka ɗaura masa wuya da sukuru huɗu, aka dasa masa kayan lantarki. Haka ma Stratocaster da ta biyo baya a 1954. Ya ƙera su ne yadda ma'aikata za su iya haɗa su da yawa cikin sauri, kuma idan wani sashe ya lalace a kwance shi a sa wani. Wannan sauƙin ƙira shi ya sa har yau ake iya yin mai kyau ba tare da kuɗi mai yawa ba. Manyan kamfanonin ma sun san da haka. Kamfanin Fender ya fara fitar da jitoci masu sauƙin kuɗi da sunan Squier a 1982, Epiphone ya koma ƙarƙashin masu Gibson tun 1957 kuma yau shi ke yin ƙirar Gibson mai rangwame, Yamaha kuwa ya fito da jerin Pacifica a 1990, waɗanda malaman kiɗa suka daɗe suna nuna wa masu koyo.

Abin da ya ƙara canza lamarin shi ne yadda ake yankan katako a yanzu. Injina masu aiki da kwamfuta ne ke fafe jiki da wuya, don haka awon jita mai araha da na mai tsada kusan ɗaya yake fitowa. Inda kamfani ke rage kashe kuɗi shi ne a aikin hannu na ƙarshe, wato gogar ƙarafan wuya da daidaita tsayin tsirkiya, sai kuma ingancin ƙananan kayan ƙarfe da na lantarki. Ka riƙe wannan da kyau, domin mafi yawan waɗannan abubuwa ana iya gyara su daga baya da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne wuyan da ya murɗe, kuma shi za ka fi sa wa ido.

Kafin mu kai ga duba jita, akwai lissafin da ban ga ka yi ba a wasiƙarka. Jitar lantarki ba ta da kwaryar da ke ƙara mata murya kamar wadda kake koyo da ita. Idan ba a jona ta da amfilifaya ba, sautinta bai wuce raɗa ba. Saboda haka kuɗin da ka tara ba na jita kaɗai ba ne. A cikinsa akwai amfilifaya, da wayar jonawa, da maratayi, da jaka, da sababbin tsirkiyoyi, da ladan mai gyara wanda zai saita maka ita. A ra'ayina, idan ka kasa kuɗin kashi goma, kada jita ta ci fiye da shida. Ka ware wa amfilifaya kamar biyu da rabi, sauran kuma su tafi ga ƙananan kaya da saiti. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da jar nan daga lissafi, domin ka ce idan ka saye ta babu abin da zai rage, wato za ka kai gida abin kallo, ba abin kaɗawa ba.

Akwai kuma dalili na biyu da ya fi wannan nauyi a wurina, shi ne hannun ƙarfen da ya burge ka. Ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a jikin jita, wato jaki, iri biyu ne a taƙaice: akwai kafaffe, akwai mai lilo. Mai lilon yana tsaye ne a tsakanin ja biyu, tsirkiyoyi suna jan sa ta gaba, wasu sifirin da ke ɓoye a bayan jita suna jan sa ta baya. Idan ka danna hannun sai tsirkiyoyi su saki, sauti ya yi ƙasa, idan ka sake shi kuma ana son ya koma daidai inda yake. Wani mai suna Floyd Rose ya ƙirƙiro nau'in da ke kulle tsirkiya ta sama da ta ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, kuma idan da ƙarfe mai ƙwari aka yi shi yana aiki sosai. Matsalar ita ce a jita mai araha, bakin ƙarfen da jakin ke lilo a kansa yakan zama mai laushi, ya cinye da wuri, jakin ya daina komawa mazauninsa. Ko da mai kyau ne ma, duk tsirkiyoyin shida a kan ma'auni ɗaya suke. Ka ɗaure ɗaya, sauran biyar su sauka. Ɗaya ta tsinke, duk saitin ya watse. Canza tsirkiya, wanda a jita mai kafaffen jaki aikin 'yan mintoci ne, a nan yakan cinye wa mai koyo yammaci guda. Na ga ɗalibai da yawa da suka yi zaton kunnensu ne ba shi da kyau, alhali jitar ce ba ta tsayawa a wuri ɗaya. Idan ta hannun da za ka duba tana da jaki irin na Stratocaster, wanda shi ma yana motsi amma ba ya kullewa, wannan ba abin damuwa ba ne. Mai gyara zai ƙara ɗaure sifirin ɗin bayan har jakin ya kwanta a jikin katako, ya zama kamar kafaffe, ka cire hannun ka ajiye sai ranar da ka ƙware.

Yanzu ga yadda za ka duba ta, kuma ina so ka ba wannan aiki lokacinsa, ko da mai sayarwa yana nuna maka yana sauri. Ka tafi da wayarka da manhajar saita tsirkiya a ciki, da katunan roba guda uku irin na banki, idan kuma da hali ka tafi da wanda ya fi ka daɗewa a kiɗa. Kada ka fara da jona ta da wuta. Ka zauna, ka ɗora ta a cinya, ka kama wuyan kamar za ka kaɗa, ka ji yadda ya cika maka tafin hannu. Wani wuyan siriri ne, wani mai kauri, kuma babu wanda ya fi wani sai dai wanda ya dace da hannunka. Sannan ka bi gefen wuyan da yatsa daga sama har ƙasa a hankali. Ƙananan ƙarafan da aka kafa a jere a kansa, waɗanda makaɗa ke kira firet, bai kamata bakinsu ya karce ka ba. Idan suna ɗan cizo, galibi katakon ne ya bushe ya tsuke ya bar ƙarfe a waje, kuma ana goge su, amma ka sa wannan a cikin abin da za ka nemi ragi a kansa. A jita ta hannu ka duba saman ƙarafan farko guda biyar, nan ne aka fi dannawa. Idan ka ga tsirkiya ta yi musu rami mai zurfi, gyaransu yana da tsada, kuma zai iya cinye duk rangwamen da ka samu.

Bayan haka ka ɗaga jitar, ka sa idonka a wajen kanta, ka hango tsawon wuyan kamar yadda kafinta ke duba katako. Ka dubi gefen tsirkiya mai kauri, ka dubi gefen siririya. Idan duka gefen biyu sun miƙe, ko sun ɗan lotsa iri ɗaya, lafiya lau. Idan gefe ɗaya ya lotsa ɗayan ya tasa, wuyan ya murɗe, ka ajiye ta ka yi sallama, kome arahar da aka yi maka. Ɗan lotsawa kuwa dole ne, domin tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 40, kuma akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa domin ta tare wannan ja. Za ka iya auna lotsawar da hannunka: ka danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da yatsan hagu, ka danne ta a firet na ƙarshe da na dama, ka dubi tsakiyar wuya wajen firet na 7 ko na 8. Ya kamata ka ga ɗan sarari siriri tsakanin tsirkiya da ƙarfe, kamar kaurin takarda mai ƙwari. Idan babu sarari ko kaɗan, ko kuwa ya yi yawa har kati yana shiga yana rawa, sandar tana buƙatar a taɓa ta. Ka tambayi mai ita ko sandar tana juyawa, kuma idan ya yarda a gwada a gabanka da ɗan juyi kaɗan, ya fi, domin sandar da ta ƙage ko bakinta ya cinye babbar matsala ce.

Sai tsayin tsirkiya daga wuya, wanda shi ne ke raba jitar da za ka so ɗauka kullum da wadda za ta sa ka ƙi kiɗa. A firet na 12, ba tare da ka danna kome ba, sararin da ke ƙarƙashin siririyar tsirkiya ya kamata ya kasance wajen milimita 1.5, na mai kauri kuma wajen milimita 2. Katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne, don haka kati biyu a haɗe su shige ƙarƙashin siririyar da ƙyar, uku kuma su ɗan ɗaga mai kaurin. Idan ka ga ukun sun shige suna yawo, tsirkiyar ta yi sama da yawa. Daga nan ka kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet, ɗaya bayan ɗaya, daga sama har ƙasa. Aikin yana da gajiyarwa amma bai fi minti biyar ba. Kana sauraren inda sauti zai shaƙe ko ya yi ziza. Ziza kaɗan a ko'ina saiti ne ke gyara ta. Idan kuwa wuri ɗaya tak ne sauti ke mutuwa, to akwai ƙarfen da ya fi 'yan'uwansa tsayi.

Na tsaya a kan wannan ne saboda abin da na gani da idona. An taɓa kawo mini wani yaro da ya yi wata huɗu yana fama, iyayensa har sun fara cewa ba shi da baiwar kiɗa. Na ce ya nuna mini hannunsa, sai na ga kan yatsunsa huɗu sun yi jawur, tsirkiya ta zana musu layi. Na karɓi jitar, sabuwa ce fil, ko ledar da ke manne a fuskarta ba a ɓare ba, amma da na danna ta a firet na farko sai da na sa ƙarfi kamar mai matse ƙusa. Ɗan farin abin nan mai tsagi shida da ke saman wuya, wanda tsirkiyoyi ke ratsawa kafin su kai ga kunnuwan ɗauri, ba a zurfafa tsaginsa ba tun daga masana'anta. Mai gyara ya ɗan goge tsagin, ya sauke jaki, ya sa tsirkiyoyi masu laushi, aikin bai kai awa ɗaya ba. Da yaron ya sake kama ta, sai ya ɗago kai ya dube ni, ya ce ai wannan ba jitarsa ba ce. Tun daga ranar ban ƙara ba wani shawarar sayen jita ba tare da na ce ya ware kuɗin saiti ba, sabuwa ce ko ta hannu.

Gwajin riƙe saiti shi ne na gaba. Ka saita tsirkiyoyin shida da manhajar wayarka, ka yi kiɗa na minti uku ko huɗu da ɗan ƙarfi, ka tura tsirkiya sama da yatsa kamar yadda masu kiɗa ke yi, sannan ka sake aunawa. Idan tsirkiyoyin tsofaffi ne ko yanzu aka sa su, za su ɗan sauka, wannan ba laifin jita ba ne. Abin da za ka lura da shi shi ne kunnuwan ɗaurin: su juya sumul, ba tare da wani wuri da suke juyawa a banza ba. Idan kana ɗaurewa ka ji wata 'yar ƙara "ƙis" daga saman wuya, sauti ya yi tsalle, tsirkiya ce ke maƙalewa a tsagi, kuma wannan ƙaramin gyara ne, wani lokaci ma gogar bakin fensir a cikin tsagin ta wadatar. Daga nan ka kaɗa tsirkiya a sake, ka sake kaɗa ta a danne a firet na 12. Manhajar ta nuna maka harafi ɗaya a duka biyun, allurar kuma ta tsaya a tsakiya. Idan ta ɗan kauce, akwai ƙananan sukurori a jikin jaki da ake matsar da mazaunin kowace tsirkiya gaba ko baya da su.

Sai a yanzu za ka jona ta da amfilifaya. Ka murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe, ka kai makunnin zaɓen sauti kowane matsayi, ka ɗan girgiza kan waya a raminsa. Ƙarar "ƙarr" ko yankewar sauti alama ce ta datti ko wayar da ta saki, kuma duk mai gyaran rediyo zai iya like ta da dalma. Ka ɗauki ɗan ƙarfe, ko mabuɗi ne, ka taɓa saman kowane maɗaukin sauti, wato ƙananan na'urorin da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi a fuskar jita, a hankali, ka ji ya amsa a lasifika lokacin da makunni ya zaɓe shi.

Game da maɗaukan sautin, za ka ji surutu da yawa, amma abin da kake buƙata kaɗan ne. Maɗauki maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa sai ta haifar da 'yar wuta a cikin naɗin, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Mai naɗi ɗaya, irin na Fender, muryarsa garau take, mai kaifi, amma yana kwaso ƙugin wutar lantarkin da ke kewaye, musamman kusa da fitila ko na'urori. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson kuma aka fara sa wa jitarsu mai suna Les Paul a 1957, an haɗa naɗinsa ne yadda ɗaya zai kashe ƙugin ɗaya, muryarsa kuma ta fi kauri da cika. Tunda ba ka faɗa mini irin kiɗan da ka fi so ba, kuma mai shekara ɗaya a koyo yakan canza ra'ayi, na fi son ka sami wadda ta haɗa biyun, mai naɗi biyu a kusa da jaki, masu naɗi ɗaya guda biyu a gaba. Yawancin Pacifica masu sauƙin kuɗi haka aka yi su, kuma tunda ta hannun Yamaha ce, mai yiwuwa Pacifica, wannan na cikin abin da ya sa na ce ka fara da ganin ta. Maganar irin itacen da aka yi jiki da shi kuwa, kada ta ɗauke maka hankali a yanzu. Abin da zai shafe ka daga katako shi ne nauyi. Ƙirar Stratocaster takan kai wajen kilo uku da rabi, ƙirar Les Paul kuma takan haura huɗu, don haka ka rataya ta ka tsaya na ɗan lokaci ka ji abin da kafaɗarka za ta ce. Akwai kuma bambancin tsawon tsirkiya: a ƙirar Fender inci 25.5 ne, a ta Gibson inci 24.75. Gajeriyar ta ɗan fi taushi, ƙarafanta kuma sun fi kusa da juna, abin da kan taimaki mai gajerun yatsu.

Amfilifaya ita ce rabin muryar da za ka ji, kuma nan ne kayan kwali suka fi rauni. Sau da yawa jitar da ke cikin kwalin ba ta da laifi sosai, amma amfilifayar ƙarama ce mai ƙaramin lasifika, muryarta a shaƙe, wayar kuma ba ta daɗewa. Don koyo a ɗaki, mai ƙarfin wat 10 zuwa 20 ta isa har ta yi yawa. Ka nemi wadda muryarta ke fita tsaf idan ba a sa mata ƙarin gurnani ba, wadda kuma take da ramin sa abin sauraro na kunne, domin ka iya yin darasi da dare ba ka takura wa kowa ba. Idan kuɗin ya matse, akwai ƙananan na'urori da ake soka su kai tsaye a jikin jita a saurara ta kunne, kuma za su riƙe ka wata da watanni kafin ka sayi amfilifaya ta sosai. Gara wannan da ka sayi wadda za ta sa ka tsani sautin hannunka.

A nan dole in ja kunnenka a kan abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin wayar jonawa. Idan amfilifayar tana da matsala a ciki, ko an karya ƙafa ta uku ta fuloginta, wadda ke zubar da wutar da ta ɓace hanya zuwa ƙasa, wutar tana iya biyowa ta hannunka. Duk ranar da ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan jan ka, ko kaɗan ne, ka kashe ka zare, kada ka sake jonawa sai masanin wuta ya duba. Idan kuma tsohuwar amfilifaya ce da aka kawo daga wata ƙasa, ka karanta rubutun bayanta, domin wasu an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120, wasu kuma 220 zuwa 240.

Karcewar fentin da ka ambata ba ta dame ni ba ko kaɗan, hasali ma ita ce ke sauko maka da farashi ba tare da ta taɓa sauti ba. Abin da za ka nema shi ne tsagewa a katako. Ka juya jitar ka duba bayan kai, inda wuya ke ƙarewa, da kuma wurin da wuya ya haɗu da jiki. Siririn layi a fenti kusa da mahaɗin wuya mai sukuru abu ne da aka saba gani, amma tsagin da ke buɗewa idan ka ɗan matsa wuyan, wannan karaya ce. Ka tambayi mai ita dalilin sayarwa, da tsawon lokacin da ta yi a hannunsa, da ko an taɓa canza mata wani abu, ka kuma duba lambar da kamfani ya buga a bayan kai ko a farantin wuya, ka tabbata ba a kankare ta ba. Idan a cikin nemanka wani ya nuna maka jita mai tambarin Fender ko Gibson a farashin ta masu koyo, ka ɗauka jabu ce. Squier ko Epiphone ko Yamaha ta gaskiya ta fi ta nesa ba kusa ba, domin ka san abin da ka saya, kuma ranar da za ka sayar za ka faɗi sunanta ba tare da ka yaudari kowa ba. Wani alherin sayen ta hannu mai sanannen suna ke nan: wanda ya saye ta sabuwa ya riga ya ɗauki faɗuwar farashin, kai kuwa idan ka riƙe ta da kyau za ka iya sayar da ita kusa da yadda ka saya idan lokacin canji ya yi.

Idan ta hannun ba ta yi ba, ka je inda za a bar ka ka taɓa sababbi, ka yi musu wannan gwajin ɗaya bayan ɗaya, ko da sunansu da launinsu ɗaya ne, domin guda biyu daga kwali ɗaya sukan bambanta a hannu. Idan dole sai ta intanet za ka saya, kada ka biya sai ka tabbata an yarda ka mayar idan ka sami aibi, kuma ka yi duk gwajin a ranar da ta iso. Duk wadda ka ɗauka, kafin ka fara darasi da ita ka kai ta wurin mai gyara da sabon ƙunshin tsirkiyoyi masu lambar kauri 9 zuwa 42, waɗanda suka fi taushi ga mai koyo, ka ce ya daidaita sandar wuya, ya sauke tsirkiya, ya duba tsagin sama, ya kuma kwantar da jaki. Ka roƙe shi ya bar ka ka tsaya kana kallo, ka kuma ce ya nuna maka yadda ake naɗa tsirkiya a kunnen ɗauri, domin bayan wata biyu ko uku kai ne za ka canza su da hannunka.